Garin Neman Gafiya Kada a Kashe Kare

Maganarmu ta wannan mako ta tsakar gida ce, kuma za mu faɗe ta kai tsaye: duk gidan da ke da kare, ko kaji, ko yaro mai rarrafe, zuba maganin ɓera a fili a cikinsa ganganci ne da rai. Wanda ya zuba ya yi ganganci, wanda ya sayar a ƙulle cikin leda babu suna ya fi shi laifi, hukumar da ta gani ta kau da kai kuma tana da nata kaso.

Kowa a birnin Katsina ya san yadda abin ke tafiya. Da an gama kaka, gero da dawa da wake sun shigo gari, sito ya cika, an tara harawa don tumakin da ake kiwo, sai gafiya ta huda gindin katanga. Da safe a ga ƙasa a tule, an ja buhu, an kwashe dusa. Sai maigida ya fusata. A bakin Babbar Kasuwa ko a kan hanyar Ƙofar Ƙaura zai ci karo da mai tura baro da lasifika yana tallar maganin da ke kashe ɓera ya busar da shi. Zai saya, ya kwaɓa da kan kifi ko ragowar tuwo, ya ajiye a bakin rami bayan sallar isha'i. A daidai wannan lokacin ne kuma ake kwance kare don ya yi gadi. Gafiya mai tsoron sabon abu ce, sai ta yi kwanaki tana shinshinawa tana wucewa. Shi kuwa kare ba ya shawara da kan kifi. To wa aka ɗana wa?

A unguwannin da suka fita bayan ganuwa, inda gidaje ke nesa da juna kuma ga kangaye a tsakani, mutane da yawa sun koma ajiye kare saboda ɓarayin tumaki da masu haura katanga. Ga kuma mafarauta da makiyaya da ke gefen gari, waɗanda karnukansu jari ne a wurinsu. Ke nan muna maganar dabbar da mutum ya ciyar shekara da shekaru don ta tsare masa dukiya, sannan ya kashe ta da hannunsa a dare ɗaya saboda kwano biyu na dusa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

KU SAN ABOKIYAR FAƊAN TUKUNA

Abubuwa uku ne ke yawo a gidajenmu da dare, mutane kuma suna yi musu kuɗin goro.

Ta farko gafiya. Babba takan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne, kuma tana da jaka a kumatunta. Wannan jakar ce ya kamata mai kare ya ji tsoro. Gafiya ba ta cika cin abinci a inda ta same shi ba, cika kumatu take ta kai ma'ajiyarta, shi ya sa Bahaushe ya ce da ita ta tsira da na bakinta. Ka ajiye guba a bayan sito, ita ta kwashe ta kai ramin da ke ƙarƙashin bishiyar da kake ɗaure kare, ko ta zubar da rabi a hanya inda kaji ke kiwo. Wurin da ka zaɓa bai zama wurin da gubar za ta tsaya ba. Dabba ce mai wayo da hanci na ban mamaki. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da wani jinsin gafiya ya gano nakiyar da aka binne a ƙasa, ya kuma gano tarin fuka a majinar marasa lafiya. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa har lambar zinariya aka ba shi a 2020 saboda nakiyoyin da ya gano a Kambodiya. Mai irin wannan hancin kake sa ran za ka yaudara da ƙullin leda?

Na biyu ɓera, manya da ƙanana. Cikin ɓera bai fi mako uku da 'yan kwanaki ba. Irin ɓeran da ke ɗauke da cutar Lassa mace ɗaya takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Ka kashe ashirin a wannan mako, muddin abinci da mafaka suna nan, wasu za su cike gurbin kafin wata biyu.

Ta uku jaɓa, wadda ake kashewa a kan laifin da ba nata ba. Jaɓa ba dangin ɓera ba ce. Ƙwari ne abincinta, kyankyasai da gyare da makamantansu. Warinta ne kawai ya ja mata baƙin jini. Gidan da ya rufe tukunyar miya ba shi da rigima da jaɓa.

ME KE CIKIN ƘULLIN?

Sunan shinkafar ɓera ya zama ruwan dare, har a labaranmu da finafinanmu. Amma ka tambayi mai sayarwa me ke ciki, ba zai iya gaya maka ba, don shi ma sarowa ya yi. A ƙarƙashin wannan suna da ire-irensa akwai gubobi daban-daban, kowace da yadda take kisa, kuma maganin wata ba ya yi wa wata.

Akwai mai tsinka jini. Asalinta warfarin ne, wanda aka fara kashe ɓera da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, daga baya aka ƙirƙiro masu ƙarfi irin su burodifakum. Aikinta shi ne ta hana jiki amfani da bitamin K, wanda jini ke buƙata kafin ya daskare. Mugun halinta shi ne jinkiri. Kare zai ci yau, gobe ka gan shi garau yana kaɗa wutsiya, ka ce ai ba ta kama shi ba. Sai bayan kwana uku zuwa biyar ya kwanta, dasashinsa ya yi fari, numfashi ya yi masa wuya, jini na zuba a cikin ƙirji ko ciki inda ido ba ya gani. Kuma masu ƙarfin nan suna daɗewa a hantar dabbar da ta ci, har watanni. Kyanwa ko kare ko mujiya da ke cin ɓerayen da suka ci gubar, su ma tana taruwa a jikinsu.

Akwai baƙin gari mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wato zinki fosfaid. Da ya haɗu da ruwan tsamin ciki sai ya saki iskar fosfin. Wannan ba ta da makari ko kaɗan. Kuma iskar tana fitowa daga aman dabbar ta kama mutumin da ya sunkuya a kai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa fitar da rahoto a 2012 kan ma'aikatan asibitocin dabbobi da suka yi rashin lafiya bayan sun shaƙi aman karnukan da suka ci irin wannan guba. In likitoci da kayan aikinsu sun shaƙa sun ji jiki, ina ga yaron da aka aika ya share aman da tsintsiya?

Akwai ƙwayar da ake sa wa buhun wake da masara don ƙwari, wadda wasu ke kira bom. Wasu sun mayar da ita maganin gafiya, su jefa a rami su toshe. Ita ma fosfin take saki da zarar ta ji danshi. Ramin gafiya kuwa ba baki ɗaya gare shi ba, kuma ba ka san ko ya bi ta ƙarƙashin ɗakin da yara ke kwana ba. A watan Fabrairun 2010, a garin Leton na jihar Yuta a Amurka, wani kamfanin feshi ya zuba irin wannan ƙwaya a ramukan ɓeraye kusa da wani gida. Iskar ta shiga ciki, 'yan mata biyu 'yan uwan juna suka rasu, ɗaya shekara huɗu, ɗaya wata goma sha biyar. A shekarar ce aka hana amfani da ita a kewayen gidajen zama a ƙasar. Mu nan a cikin sito muke ajiye ta, ɗaki ɗaya tsakaninsa da uwarɗaka.

Akwai fiya-fiya da Sniper, waɗanda sinadarinsu ɗaya ne, za ka ga an rubuta DDVP a jikin kwalba. Maganin ƙwarin gona ne, amma ana ɗiga shi a abinci don ɓera. Yana rikita jijiyoyi cikin mintuna: yawu ya yi ta dalala, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, jiki ya ɗauki karkarwa. Wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. A 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da irinsa na gona a kasuwanni da manyan kantuna daga 1 ga Satumba, ta kuma hana ƙananan kwalabe masu mililita 100. Ku zaga kasuwa ku gani da idonku ko dokar ta isa teburin mai talla.

Har ƙwayar Indocid ta ciwon gaɓoɓi wasu ke fasawa su zuba a abinci, suna ganin tun da maganin mutane ne ba shi da haɗari. A cikin kare gyambon ciki take haifarwa, ta kuma taɓa ƙoda.

Ku duba wannan jerin da kyau. Mai tsinka jini tana da makari, bitamin K1 ne, ana ba da shi har kusan mako huɗu. Fiya-fiya tana da nata, allurar atirofin. Fosfin ba ta da shi. In aka kai kare ko yaro asibiti, tambayar farko da likita zai yi ita ce me ya ci. Mai ƙullin leda ba shi da amsa. Likita sai ya koma lalube, lokaci kuma yana tafiya. Wannan kaɗai ya isa a ce sayar da guba babu takarda laifi ne da ya kamata a hukunta.

HUJJOJIN MASU ZUBAWA

Mun san abin da za a ce, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Za a ce guba ta fi arha da sauri. Arha a ranar saye ne kawai. Tarkon ƙarfe sau ɗaya ake sayensa ya yi shekaru, guba kuwa duk wata sai an koma. Ka haɗa da kazar da ta tsinci ragowar ta mutu da 'ya'yanta, da akuyar da ta lashi kwanon, da gawar ɓera da ta ruɓe a cikin silin har sai an kira kafinta ya ɓalle. Sauri kuma ba gaskiya ba ne. Mai tsinka jini kwanaki take ɗauka. Mai saurin kisa kuwa, ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai ƙara kusantar wannan abincin ba. Waɗanda suka fi wayo su ke saura su hayayyafa.

Za a ce ai ga zazzaɓin Lassa, ran mutum ya fi na kare. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba mu raina ta ba. An gano cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, tana kuma tashi duk shekara da rani, musamman a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba. Fitsari da kashin ɓera a abinci ko a ƙura su ne babbar hanyar kamuwa. To amma ku duba wace hanya ce ta fi raba mutum da fitsarin ɓera. Ɓeran da ya ci guba yana yawo a galabaice kwana da kwanaki, ya faɗa randa, ya mutu a bayan buhun gari, yaro ya ɗauko shi ta wutsiya yana wasa. Wanda tarko ya kama kuwa ka san inda yake, ka san lokacin da za ka ɗauke shi. Shawarar da hukumar NCDC ke nanatawa duk shekara ita ce a rufe abinci, a toshe kafofin shiga, a tsabtace muhalli, a daina shanya abinci a ƙasa. Tsoron Lassa hujja ce ta gyaran gida. Kada mu manta kuma akwai samarin da ke farautar gafiya su gasa su ci. Gafiyar da guba ta kasala ita ce ta fi saukin kamuwa a hannunsu.

Za a ce kare ne fa, mene ne abin tada jijiyar wuya? Wasu har su kawo addini. To a mazhabar Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan garin nan, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare. Hadisi ya halatta ajiye shi don kiwo da noma da farauta. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski zamaninsu, da abin da ya fi kare ma zai ajiye. Hadisin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim, haka na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare. Ɓera an halatta kashe shi, ko da mutum yana cikin harami, amma an umarce mu da kyautata kisa. Wanda ya ɗauko kare ya sa a gidansa ya ɗauki amana. Wanda kuma ba ya son kare sam, ya tuna cewa abin da kare zai iya kaiwa da baki, yaro ɗan wata goma zai iya kaiwa da hannu.

Za a ce daga gidan maƙwabci ko daga kango suke shigowa, ni me zan yi? Gaskiya ne, kuma wannan hujjar guba take kayarwa. In mashigar tana buɗe kuma juji yana bayan katanga, ko buhu guda ka zuba ba za su ƙare ba.

ABIN DA KE AIKI

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Gafiya ba ta haƙa rami a gidan da babu abin da za ta ci. Don haka aikin daga abinci yake farawa.

Kwanon kare shi ne na farko. A ba shi abinci kafin magariba, abin da ya rage a kwashe, a wanke kwano a kife. Gidaje da yawa da ragowar abincin karen suke kiwon gafiyar da suke kuka da ita. Dusa da abincin kaji su shiga durom mai murfi. Buhunan hatsi a ɗora su kan katako, a bar tazarar da mutum zai iya bi tsakaninsu da bango. Wake kuma akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma tun 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu, ba sai an kawo ƙwayar bom cikin gida ba. Ƙanzo da ruwan wanke-wanke kada su kwana a bakin kwata.

Sai mafaka. Tulin itace, tsofaffin kwanon rufi, bulon da ya rage daga gini, tayoyi, duk a ɗaga su daga ƙasa ko a fitar da su. Harawa a ɗora ta kan rumfa.

Sai a gano ramin da ke da rai. Da yamma a toshe bakin kowane rami da takarda ko yashi, a barbaɗa toka a gabansa. Wanda aka tarar a buɗe da safe, da sawu a kan toka, shi ne mai mazauni. Girman sawun zai gaya maka gafiya ce ko ɓera. Kada kowa ya zura hannu a rami, don maciji da kunama suna gadon ramin da aka bari. Kada a tura hayaƙi kusa da harawa ko zana. Kada a ɗura ruwa a ramin da ke gindin katangar ƙasa, jiƙa tushen gini ne. Hayaƙin janareta ko na babur da wasu ke turawa ta tiyo shi ma yana bin rami ya shiga ɗaki, kuma yana kisa ba tare da mutum ya farka ba.

Sai tarko. Gafiya tarkon keji ya dace da ita, irin mai ƙofar da ke faɗawa, wanda duk mai walda ko maƙerin da ya ga samfuri zai iya haɗawa. Ko kare ya zo, iyaka ya shinshina ya wuce. Ɓera kuma tarko mai maƙurewa, amma kada a bar shi a fili. A sa shi cikin akwatin katako ko tsohon bokitin fenti da aka huda wa ƙofar da ɓera zai shiga amma ƙafar kare ba za ta kai ga tarkon ba, a danne da bulo. A jera shi a jikin bango, don ɓera gefen bango yake bi. Ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko dabino sun fi kifi, saboda ba sa jan hankalin kare da kyanwa sosai. Dabarar da mutane ke tsallakewa ita ce haƙuri: dare biyu ko uku na farko a sa abincin ba tare da an ɗana ba, har dabbar ta saba ta saki jiki, sannan a ɗana. A daren da aka ɗana, a ɗaure kare a wani ɓangaren gidan. Haushinsa zai yi gadin da ake buƙata ko yana ɗaure.

Allon gam ba mu goyi bayansa ba. Yana kama 'yan tsaki da ƙadangare, ɓeran da ya liƙe kuma ya kwana yana fitsari da kashi a wuri ɗaya saboda firgita, wanda shi ne abin da ake gudu. In ya liƙe a ƙafar kare ko gashin kyanwa, man gyaɗa ke sake shi, kada a fizge.

Gawa kuma a sa leda biyu a hannu kafin a taɓa ta, a binne da zurfin da kare ba zai tono ba, a ɗora dutse, ko a ƙone. Wurin da aka ga kashi ko fitsari a jiƙa shi da ruwan bilic kafin a goge, kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A wanke hannu da sabulu.

Bayan an tabbatar rami ya mutu, wato an toshe kwana uku ba a buɗe ba, sai a cike shi da tsakuwa a shafe da siminti. Kada a sa fasasshiyar kwalba, don kare mai tono ne, zai yanke dagi. Kafar kwata da bututun sokawe a sa musu ragar ƙarfe. Ƙasan ƙofar sito a buga masa falle na kwano. Ƙaramin ɓera yana bi ta kafar da fensir zai shiga, babba kuma ta wadda babban yatsa zai shiga, don haka a duba da fitila, a bi bango kaf.

Ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi nan aka dawo. A Ingila an daɗe ana kashe wata 'yar dabba mai tona filaye, 'yar uwar jaɓa, ta hanyar shafa wa tana gubar sitirikinin a zura a rami. An hana wannan a 2006, tarko ya sake samun kasuwa. A Amurka, hukumar kare muhalli ta yanke a 2008 cewa maganin ɓeran da ake sayar wa masu gida sai a cikin akwatin da yaro ba zai kai ga abin da ke ciki ba, ta kuma janye nau'i huɗu mafi ƙarfi daga hannunsu, saboda dubban yaran da ake kai rahoton sun taɓa ko sun ci duk shekara. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da guba, to aƙalla ya bi wannan: mai lambar NAFDAC da sunan sinadari a jiki, mai kama da dunƙulen sabulu wanda gafiya ba za ta kwasa a kumatu ba, a ɗaure shi da waya cikin akwati mai makulli, a ajiye kwalin, a zaga kowace safiya a tsince gawa kafin a saki kare da kaji.

IN TA RIGA TA FARU

In ka ga kare ya ci, ko kana zargi, ɗauki kwalin ko ragowar ƙullin ka tafi asibitin dabbobi nan take. Kada ka jira alama, mun riga mun faɗi wadda ke ɓoyewa kwana uku. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Manja ba makarin guba ba ne, kuma dabbar da ke karkarwa in aka yi mata ɗura, huhu yake tafiya. In baƙin garin nan ne, abinci da madara suna ƙara tsamin ciki, iskar ta ƙaru. In ya yi amai, a fitar da shi fili, a janye yara, kada kowa ya sunkuya a kai, a kora da ruwa mai yawa daga nesa. In a mota za a tafi, a sauke gilasai.

In yaro ne, babu tsayawa kemis, babu jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, da kwalin a hannu. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ba shi manja. A gaya wa likita gaskiyar abin da aka zuba da lokacin da aka zuba, ko da akwai jin kunya.

HAƘƘIN DA KE KAN MASU IKO

Gida ɗaya ba zai iya wannan yaƙin shi kaɗai ba. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda yake shiga gida ya leƙa randa da masai da bayan ɗaki. Har yau makarantun fasahar lafiya suna yaye jami'an tsabtar muhalli, don haka ma'aikatan suna nan. Muna kira ga ƙaramar hukumar Katsina ta dawo da zagayen nan unguwa-unguwa. Hukumar SEPA ta mayar da hankali kan jujin da ke cikin kangaye da kwatocin da suka toshe. NAFDAC da shugabannin kasuwa su hana tallar guba a baro, su bar ta a shagunan kayan gona inda za a sayar da ita da takardarta. Masu unguwanni kuma su sa masu kangaye su share ko su kewaye, su kuma sa rana ɗaya da layi gaba ɗaya zai ɗana tarko ya toshe ramuka, don kada a kora daga wannan gida su koma wancan.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowannenmu zai iya yi a daren yau. Ka shiga sito ka duba saman katanga da bayan buhu. In akwai ƙullin da ba ka san sunan abin da ke ciki ba, ka naɗe shi cikin leda biyu ka kulle inda yaro da dabba ba za su kai ba, kada ka jefa shi juji ko kwata, har ka tambayi jami'in lafiyar muhalli yadda za a zubar. Ka kwashe kwanon kare. Gobe ka je wurin mai walda.

Allah Ya tsare mana iyali da dukiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muke kiwo. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.